Miƙar Indiya ta Bayan Zana

Ni mutum ne mai baki, ban taɓa musun haka ba. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare kusa da Dangora, idan na ɗaga murya a aji har matan da ke sussuka a bayan makaranta sukan amsa darasi. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da in na hango shi daga nesa sai harshena ya naɗe, gwiwoyina su nemi ƙasa ba tare da shawarata ba. Surukina ne, mahaifin matata. 'Yarsa ta fari na aura, shi ya sa kunyar ta ninka. Ba ya kiran sunanta, ba ya kiran nawa, ni kuma tun ranar da na fara zuwa gaisuwa ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Da za a ce in siffanta shi a wancan lokacin, takalminsa kawai zan iya kawowa. Na taya ne, an ɗaure igiyar na hagu da zaren komar kamun kifi. Wannan takalmin na san shi fiye da yadda na san fuskar hedimastanmu.

Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. Da aka tashe su aka ba su wani tudu ta wajen Bebeji, kowa ya kwashi abin da zai iya kwasa, mata tukwane, maza ƙofofi da hatsi. Surukina kuwa ya ce shi ba zai bar wa kifi azarar masallaci ba. Ya yi ta jigilarta a kafaɗa har aka gama, a sawu na ƙarshe ne bayansa ya yi wata 'yar ƙara da shi kaɗai ya ji. Bai kula ba. Gona ta nutse, ya koma masunci na dole, ya yi shekaru yana jan koma yana tuƙa kwalekwale a saman gonar tasa. Zuwa ƙarshen shekarun tamanin, zamanin soja, ƙugun ya riga ya sandare. Ba ya iya sunkuyawa, barci ba ya zuwa masa sai a gutsure, kullum a gajiye yake ko bai yi aikin komai ba.

Magani kam ya sha shi. Yana da wani taubashi wanzami, tsoho mai dogon wuya da dogon harshe, wanda ya mayar da bayan surukina gonarsa. Ya yi masa ƙaho, ya yi masa tsaga, ya yi masa sakiya, ya zagayo ya sake ƙaho. An sha saiwa an sha sassaƙe, an yi allura a kemis, an shafa man zafi har kaji suka daina raɓar ɗakin. Mun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ƙashi bai karye ba, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ya riƙa motsa jiki a hankali. Surukina ya sha ƙwayoyin ya bar wa likita sauran maganarsa, domin a wurinsa maganin da bai yi ɗaci ba kuma bai fitar da jini ba wasan yara ne.

Duk da haka ciwon bai dame shi kamar salla ba. Ya daina iya ruku'u, ya daina iya sujada. A ƙarshen sahu yake zama, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya riƙa sunkuyar da kai kaɗan. Liman ya sha gaya masa sallarsa ta yi, addini bai ɗora wa kowa abin da ba zai iya ba, shi ma ya sani. Amma wata rana matata ta dawo daga ganin gida ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba, ta ce ta ji shi yana gaya wa wanzamin, "Na zama ƙadangare, sai kaɗa kai. Ni na ɗauko azarar masallacin nan, yau ga shi goshina ya manta yashinsa. Tsorona in koma ga Ubangijina ban sake sa goshi a ƙasa ba." Tana faɗa tana hawaye, ni ma abin ya taɓa ni ƙwarai.

Da na lallashe ta na yi shiru da an wuce wurin. Sai bakina ya buɗe na ce ai ni na san maganinsa.

Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. A kwalejin horon malamai muna da wani malamin kimiyya Ba'indiye, siriri kamar tsinken tsintsiya, ba ya cin nama, har mukan tausaya masa ranar babbar salla. A shekarata ta ƙarshe wuyana da bayana suka riƙe saboda zaman benci, sai ya kira ni barandar gidansa ya koya mini wasu 'yan motsi a kan tabarma. Ya ce a ƙasarsu yoga ake ce wa abin, mu ɗalibai muka sa masa miƙar Indiya. Ba irin wadda ake rataya ƙafa a wuya ba ce, ta masu ciwo ce: a kwanta, a ja numfashi, a miƙe kaɗan, a saki jiki. Dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta yana ɗaga ɗan yatsa, wai inda ciwo ya fara nan ake tsayawa. Na yi, na ji daɗin jikina, na manta da ita har ranar da bakina ya tono ta.

Matata ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta gaya wa maigidan, ba a daɗe ba saƙo ya iso ta bakin wani mai tallar kifi, wai a gaya wa malamin makaranta ya zo da maganin.

Ranar Asabar na ɗaura tabarma a bayan keke na kama hanya. Na tarar da su a zaure, surukina a jingine, wanzamin yana wasa aska. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa, na kafa ido a kan takalmin taya da ke ajiye a gefensa, muka gaisa, gida da iyali da 'yan makaranta da gajiya. Da gaisuwa ta ƙare wanzamin ya leƙa bayana yana neman kwalba.

"Ɗan boko, ina maganin?"

"Baba wanzam, ba na sha ba ne."

"Na shafawa ne?"

"A'a."

"Hayaƙi?"

"Yi ake yi. Mutum ya kwanta a tabarma, sai ya..."

Nan na maƙale. Sai a lokacin na hango ramin da na haƙa wa kaina. Kafin surukina ya koya sai ya ga na yi, wato in kwanta rigingine a gabansa in ɗaga ƙafa sama, in durƙusa da hannu da gwiwa in juya masa baya. Sannan in riƙa ce masa kwanta, tashi, durƙusa, kamar ɗan aji ɗaya. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Gumi ya karyo mini, na ci gaba da kallon takalmi kamar shi zai cece ni.

A ƙa'ida wanzamin ma surukina ne, amma shi ba ya barin kowa ya ji kunyarsa. Ya ja ni waje na yi masa bayani, ya yi dariya har zabirarsa ta zame daga kafaɗa. Da ya gama ya ce in biyo shi. A bayan gidan akwai wata doguwar zana da ta raba inuwar darbejiya da garken awaki. Ya shimfiɗa wa taubashinsa tabarma a inuwa, ni ya nuna mini ɓangaren awaki. Shi kuma ya kifa turmi a ƙarshen zanar ya hau ya zauna, ido ɗaya a kaina ɗaya a kan surukina. Ni in yi, shi ya gani ya faɗa, surukina ya kwaikwaya. Da haka ba wanda ya ga wani, ba kuma wanda ya umarci wani.

Kafin a fara muryar surukina ta ratso zana, ba da ni yake ba, da iska yake.

"A tambayi malamin makaranta, akwai wani karatu a ciki, ko kiran sunan wani abu?"

Na ce, "A gaya wa Baba babu. Numfashi ne kawai da miƙa."

Wanzamin ya juya wajensa. "Ya ce babu. Kai ma ka ji, tsakaninku bai kai tsawon taɓarya ba."

"To bismilla."

Na kwanta rigingine, na tanƙwasa gwiwoyi, na ɗora hannu a ciki, na ja numfashi a hankali na saki.

Wanzamin ya ce, "Ya kwanta. Yana numfashi."

Na ci gaba da numfashi. Can surukina ya ce, "Sai me?"

"Shi ke nan, numfashi yake yi."

"Tun da aka haife ni nake numfashi ba wanda ya koya mini. Wannan aka tura shi kwaleji ya koyo?"

"Kai dai yi, bawana. Ciki ake kumburawa ba ƙirji ba, kamar ka ci tuwon biki."

Daga nan na jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji na mayar, na jawo ɗayar. Sannan na juya na durƙusa da hannu da gwiwa, wanzamin yana ba da labarina kamar mai kallon dambe. "Ya durƙusa kamar akuya za ta sha ruwa. Ya gantsare. Yanzu ya yi doro kamar mage ta ga kare. Yanzu kuma ya ɗaga wani wuri da ba zan faɗa maka ba, surukinka ne." Na ji wani sauti daga bayan zana, dariya ce ta kuɓuce wa surukina ya yi maza ya mayar da ita tari. Wanzamin kuwa da gangan yake cewa bai gane ba in sake, ya bar ni a gantsare wani bunsuru yana sansana mini kunne. Raina ya ɓaci matuƙa. Da ɗan ajina ne da ya sha bulala, amma na haɗiye.

Motsi na kusa da ƙarshe shi ne mutum ya zauna a kan dugadugansa, ya sunkuya gaba a hankali har kansa ya sami abin da zai kwanta a kai. Ba'indiyen nan matasan kai yake tarawa. Da wanzamin ya kwatanta masa, surukina ya ce, "Wannan ai hanyar sujada ce." Babu sauran ba'a a muryarsa. Da ƙyar ya iya durƙuson ma. Wanzamin ya jawo buhun dawa ya tsayar a gabansa, ya rungumi buhun ya jingina ƙirji a kai yana numfashi. Daga buhu a tsaye muka fara.

Haka na riƙa zuwa duk Asabar, sauran ranaku su biyu suna yi da hantsi. Ya fara samun ɗan barci. Buhun da ke tsaye aka kwantar da shi, ya zama goshinsa ne ke sauka a kai ba ƙirji ba. Ni har na fara hura hanci a gida, ina ce wa matata ta riƙa kirana likita.

Wata Asabar na iso ban ga tabarma a inuwa ba. Ashe a cikin makon surukina ya auna tsakanin buhu da ƙasa da ido, ya ga bai fi kamu ɗaya ba, ya ce wannan lallaɓawar ta ishe shi. Ya sa aka janye buhun, ya durƙusa, ya ce wa taubashinsa ya sa gwiwa a gadon bayansa ya danna har goshi ya isa. Wanzamin da ya saba ganin sauƙi ba ya zuwa sai an ji jiki ya danna da gaskiyarsa. Goshi bai isa ba, sai ɗauko shi aka yi a tabarma zuwa ɗaki, ko juyi ba ya iya yi.

A tsakar gida na tare wanzamin, muryar aji ta dawo mini ban san lokacin ba. Na ce masa bayan mutum ba ƙullun tuwo ba ne da za a danna, na ce wanda ya iya aska ya tsaya a kan askarsa, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Kaji suka watse, surukata ta shige madafa. Sai da na tsaya jan numfashi na lura a ƙofar ɗakin surukina nake tsaye, asabari kawai ke tsakaninmu. Gwiwoyina suka yi abin da suka saba. Amma tunda an riga an yi ɓarin, na ce bari in ƙarasa, na fuskanci asabarin na yi magana ba ɗan aike.

"Baba, a yi haƙuri. Wannan abin ba a yi masa ƙarfi. Inda ciwo ya fara, nan ake tsayawa. Gobe sai a tarar wurin ya matsa da kansa."

Har na fara tunanin inda zan kai matata idan aka ce in sake ta. Can ya ce, "Kamar giwan ruwa ke nan. In ka ja da ƙarfi igiya ta tsinke." Ya yi ɗan nishi, sannan ya ƙara, "A gaya wa malamin makaranta na ji."

Da ya warware muka koma buhu a tsaye, kamar ba a taɓa yin komai ba. Wannan karon bai yi gardama ba.

Motsi na ƙarshe a kullum ba motsi ba ne, kwanciya ce. Mutum ya miƙe rigingine, hannuwa a gefe, ya rufe ido, ya saki jikinsa tun daga yatsun ƙafa har fatar goshi. Wata Asabar cikin bazara ana suna a wata unguwa, matan gidan duk sun tafi tun safe. Mun kai ga kwanciyar ke nan ƙudaje suka dami surukina, wanzamin ya ɗauko wani farin mayafi a igiya ya lulluɓe shi har fuska. Sai aka aiko wai ana jiransa askin jariri. Ya ɗauki zabira ya ce yanzu zai dawo.

Ƙa'idarmu ita ce ba na tashi sai an ce an sallame ni. Suruki ba ya miƙewa ya kaɗe riga ya tafi alhali babba yana kwance. Na jira. Ban ji nishin da ya saba yi ba, ban ji motsi ba, sai na gane barci ne ya ɗauke shi, irin wanda ya daɗe bai samu ba. Yanzu dalili ya zama biyu, domin ina motsawa awakin nan za su ɗauka dusa na kawo su cika gidan da kuka. Inuwar zana ta janye ta bar ni a rana. Cinnaku suka gano ni, suka aika aka kira 'yan uwansu. Na cije leɓe, hawaye na bin gefen idona yana shiga kunne.

Wata Bafulatana mai nono da ta saba shigowa ta ƙofar baya ta yi sallama ba a amsa ba. Ta leƙo ta ga maigidan a miƙe an rufe shi da fari har fuska, ta yi salati a hankali ta koma da baya. Ba a jima ba wani maƙwabci ya leƙo ta saman zana don ya tabbatar. Ya dubi farin mayafi, ya dubo ɓangarena ya gan ni kwance cikin kashin awaki ina hawaye. Na ɗora yatsa a baki ina roƙonsa kada ya tashe shi. Mutumin ya gyaɗa kai cikin tausayi ya tafi. Daga baya na ji abin da ya gaya wa jama'a, wai gaskiya ne, surukin ma yana can ya faɗi ya kasa magana, Allah ya ba kowa suruki irin wannan.

Sauran labarin a bakin liman na ji shi, don ni ina can bayan zana. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suka zauna ana jiran wanzamin, tunda shi ne ɗan uwa na kusa. An aika a gaya wa mata, wasu samari sun tafi ɗauko magirbi don haƙa kabari. Dab da azahar surukina ya farka, ya ninke mayafi, ya ɗauki sandarsa ya fito zai yi alwala. Ya tarar da mutane a ƙofarsa kowa kai a sunkuye, liman yana addu'a. Shi mutum ne mai ladabi, bai katse ba. Ya lallaɓa ya zauna a ƙarshen tabarma ya ɗaga hannu, aka shafa da shi. Sannan ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Wa ya rasu?"

Mutumin ya juyo, ya dube shi, ya matsa ya hau cinyar na gaba. Tabarmar ta yi ta matsawa har ta kai ga liman. Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ne, amma da alama an fasa."

Surukina ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya gode, ya ga waɗanda suka zo, waɗanda ba su zo ba kuma zai tuna da su. Ya ƙara da cewa rabonsa da barci irin wannan tun kafin ruwa ya ci gari. Ni kuwa ba wanda ya tuna da ni sai da wanzamin ya dawo da naman suna a hannu, ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, an sallame ka." Na yi kwanaki ina koyarwa a tsaye saboda cizon cinnaku.

Wannan mutuwar da aka fasa ita ta yi wa miƙar Indiya talla. Asabar ta gaba na tarar da tsofaffi sun jeru a inuwa, mai ciwon gwiwa, mai ciwon wuya, da wani da lafiyarsa ƙalau barcin kawai yake so. Aka hana rufa da farin mayafi. Ni dai ina nan ɓangaren awaki, wanzamin a kan turminsa ya zama shugaba, har yana tsawata wa mutane da cewa inda ciwo ya fara nan ake tsayawa, kamar shi ya ƙirƙiro maganar.

Damina ta sauka, aka cinye dawar buhun ma. Daga buhu a kwance surukina ya koma ƙwarya a kife, ya daɗe a kanta har na fara fid da rai. Daga ƙwarya ya koma matashin kai. Bayan kaka na ji wanzamin yana cewa yanzu rawani ake ninke masa. Ciwon bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Akwai ranakun da yakan tashi ƙugun ya riƙe sai numfashin kawai zai iya yi, kwalekwale kuwa bai sake hawa ba. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin wannan da idona ba, duk a bakin wanzami nake ji, shi kuma ba kullum ake gaskata shi ba.

Wata Asabar taya ta yi mini faci a hanya, ban iso ba sai da aka idar da azahar. Ina jingine keke a ƙofar gida na hango mutane suna fitowa daga masallaci, na hango sandarsa. Na cire takalmi na durƙusa. Takalmin taya ya matso ya tsaya a gabana, da zaren komarsa. Muka gaisa, gida da iyali da 'yan makaranta da gajiya. Gaisuwa ta ƙare, takalmin bai motsa ba.

Wanzamin da ke bayansa ya gyara murya ya fara, "A gaya wa malamin makaranta..."

Surukina ya ce, "Yi shiru, ba da kai nake ba." Sannan ya ce, "Malam."

Bai taɓa kirana kai tsaye ba. Na ce, "Na'am, Baba."

"Ɗago kanka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ɗago har gwiwarsa na tsaya.

"Ɗago dai."

Na ɗago. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne, duk tsawon shekarun nan ina zaton ƙato ne. Gemunsa fari, kumatunsa sun faɗa, idanunsa irin na matata sak. A tsakiyar goshinsa akwai yashi, jan yashin masallacin nan, ya manne da gumi bai share ba. Ya ɗan sunkuyo don in gani da kyau, ni ma na ga yadda sunkuyon ya yiwu.

Wanzamin bai iya haƙuri ba ya ce, "Sai da liman ya ja sujadar kafin ya isa, sahu duka na jiransa."

Surukina bai kula shi ba. Ya ce mini, "To, ka gani. Mayar da kanka."

Na mayar. Hawayena ya ɗiga a ƙasa kusa da takalminsa. Ya yi kamar bai gani ba, ya taka a hankali ya shige zaure. Matata ta ce har la'asar yana yawo da yashin nan a tsakar gida, surukata ta miƙa masa tsumma ya ce ta bar masa abinsa.

Ban sake duban fuskarsa ba har Allah ya karɓi ransa. Yanzu idan 'ya'yana ƙanana da ba su riske shi ba suka tambaye ni kamannin kakansu, takalmin taya nake fara gaya musu, sannan in ce yana da yashi a goshi.